Daga Agana Zuwa Korona: Tarihin Mai Gadin da Ke Cikin Tantanin Jiki

Duk wanda ya zauna da dattawan Jega ko Aliero ko Maiyama waɗanda suka haura shekara sittin, in ya lura da dantsensu zai ga wani ɗan tabo kamar an ɗora musu kwabo mai zafi. Lamba ce, shaidar rigakafin agana. Waɗanda suka girme su kuma, akan sami mai zanzana a fuska, wato wanda aganar ta kama ya sha da ƙyar. Mai lamba da mai zanzana duk sun san abu ɗaya, wanda kakanninsu ma suka sani: jiki ba ya manta cutar da ya taɓa karawa da ita. Sai dai wannan hadda ta jiki takan ɗauki mako guda ko fiye kafin ta kankama, ita kuwa cuta ba ta jira. To, wa ke riƙe da gari a kwanakin farko, kafin dakaru su iso? An shafe fiye da shekara ɗari ana bin sawun wannan mai gadi.

Jega kanta ɗiyar tashin hankali ce. Gimbana, inda mayaƙan Gobir suka auka wa jama'ar Malam Abdussalami a 1803, tana nan kusa. Bayan rasuwar Abdussalami a 1818, ɗansa Buhari ya kafa Jega a bakin Gulbin Zamfara ƙarƙashin Gwandu, kuma ba a daɗe ba kasuwarta ta zama matattarar fatake, har da masu zuwa Gwanja sayo goro. Inda ayari ya sauka kuwa, ba haja kaɗai yake saukewa ba. Mutanen lokacin sun ba cututtukan suna gwargwadon fahimtarsu. Ana cewa wata aljana ce, Inna, take shanye ƙafar yaro, shi ya sa har yau muke cewa shan inna. Masu bori sun ce agana da ƙuraje aikin wasu ƙananan iskoki ne. Kyanda kuma aka yi mata lakabi da baƙon dauro, wasu na cewa don ƙurajenta sun yi kama da ƙwayar dauro. Duk wannan faɗa ne na gargajiya. Abin da yake rubuce shi ne, a Afirka ta Yamma an daɗe ana ɗibar ruwan ƙurjin mai agana a tsaga fatar mai lafiya a shafa masa. Wani bawa da aka kai Amurka daga Afirka, wanda ubangidansa ya raɗa wa suna Onesimus, shi ya bayyana musu dabarar, aka yi aiki da ita a annobar birnin Boston ta 1721. Sai a 1796 Edward Jenner na Ingila ya kawo hanyar da ta fi aminci, ta amfani da aganar shanu.

Wajen 1890 zuwa 1891 wata annoba ta shigo ƙasar Hausa, amma ta shanu. Ciwon bushiya ya kwantar da garake, Fulanin da suka kwana da ɗaruruwa suka wayi gari da sanda kawai. Ana cewa an raɗa wa shekarar suna "Sannu" saboda yawan jaje. Bafaranshen nan Monteil da ya ratsa Argungu da Sakkwato zuwa Kano a 1891 ya rubuta irin ɓarnar da ya tarar a tafiyarsa. Babu wanda ya san abin da ke kashe shanun, a nan ko a Turai.

A Turan, a 1882, wani masani ɗan Rasha, Ilya Metchnikoff, ya soka ƙaya a jikin wani ɗan ƙaramin halittar teku mai garai-garai da ake hango cikinsa. Washegari ya duba da madubin ƙara girma, ya ga wasu tantanai, wato ƙananan ƙwayoyin halittar da jiki ya ginu da su, sun yi wa ƙayar zobe suna neman cinye ta. Daga nan aka fara gane cewa akwai garkuwar da ake haihuwar mai rai da ita, wadda ba ta buƙatar sanin abokin gaba tukuna. Amma ƙaya da bakteriya a waje suke yawo, ana ganinsu. A 1892 Dmitri Ivanovsky ya tace ruwan ganyen taba mai ciwo da matatar da bakteriya ba ta iya ratsawa, sai ga ruwan ya ci gaba da harbin lafiyayyen ganye. A 1898 Martinus Beijerinck na Holan ya tabbatar da cewa wani abu ne dabam, wanda ba ya yaɗuwa sai a cikin abu mai rai. Shi ne bairos. Ƙanƙantarsa ta kai a jera na shan inna fiye da dubu 30 kafin su cika milimita ɗaya.

Matsalar ta wuce ƙanƙanta. Bairos ba shi da tukunya, ba shi da murhu. Ɗan kunshin saƙo ne na RNA ko DNA a cikin kwanson furotin. In ya shiga tantani sai ya tuɓe kwanson, ya miƙa saƙonsa ga ma'aikatan gidan, su kuwa su kama buga masa 'ya'ya da kayan gidan, suna zaton aikin maigida suke yi. Da ɗan gari akan ci gari. Ganuwa da ƙofa ba su da amfani ga ɓarawon da ya riga ya shige ɗaka ya sa rigar maigida. Ta yaya za a gane shi?

Alamar farko daga cututtukanmu na Afirka ta fito. A 1927 masu binciken da ke da mazauni a Yaba ta Legas suka sami bairos ɗin shawara daga jinin wani mutumin Gana mai suna Asibi, kuma daga wannan ne Max Theiler ya samar da allurar shawara da ake yi har yau. A 1937 Findlay da MacCallum a Landan suka lura da abin mamaki: birin da aka sa wa bairos ɗin zazzaɓin Rift Valley, in aka biyo shi da na shawara, sau da yawa yakan tsira. Cututtukan biyu ba dangin juna ba ne, kuma lokacin bai kai a ce jiki ya haddace komai ba. Kamar dai ɓarawon farko ya ta da unguwa, na biyu ya zo ya tarar kowa idonsa biyu.

Shekara ashirin aka yi kafin a kama bakin zaren. A 1957, a cibiyar binciken lafiya ta Mill Hill da ke Landan, Alick Isaacs da Jean Lindenmann suka ɗauki ɓallin tantanin ƙwan kaza, suka zuba masa bairos ɗin mura da aka kashe da zafi. Bayan wasu sa'o'i suka cire ɓallin, suka tsoma sabo a ruwan da na farko ya kwanta. Da aka kawo wa sabon bairos mai rai, sai ya kasa kama shi. Ashe ɓallin farko ya saki wani abu a cikin ruwan wanda ya gargaɗi na biyu. Suka kira shi intaferon, wato mai katsalandan. Wasu masana sun yi ta yi musu dariya, domin abin kaɗan ne ƙwarai, an kasa tace shi a nuna. Isaacs ya rasu a 1967 yana da shekara 45, bai ga ranar da aka daina musu ba.

A wannan shekara ta 1967 ne aka buɗe gangamin kawar da agana a Afirka ta Yamma, aka haɗa shi da rigakafin kyanda. Ma'aikata suka bi kasuwanni da ƙofofin hakimai da wata na'ura mai kama da bindiga, wadda ake taka ta da ƙafa ta harba maganin cikin fata ba tare da tsinin allura ba. Yawancin tabon da ke dantsen dattawanmu na wannan zamani ne. Zuwa 1970 agana ta ƙare a Najeriya, a 1980 aka shelanta ƙarewarta a duniya. An yi wannan nasara ba tare da an san yadda tantani yake jin shigowar bairos ba. Amma a 1967 ɗin dai, ayarin Maurice Hilleman a Amurka ya gano cewa RNA mai igiya biyu yana sa tantani ya zubo intaferon. RNA na jikinmu akasari igiya ɗaya ne, bairos kuwa in zai kwafi kansa sai ya bi ta igiya biyu, kamar tufka. An sami sawun ɓarawo ke nan, saura wanda ke ganin sawun.

A 1980 aka iya sa bakteriya ta riƙa ƙera intaferon da yawa, daga baya aka riƙa yi wa masu ciwon hanta da wasu masu sankara allurarsa. Nan aka ga wani abu da ya kamata kowa ya sani. Wanda aka yi wa allurar, bayan 'yan sa'o'i sai zazzaɓi ya rufe shi, da ciwon kai da ciwon gaɓoɓi da kasala, alhali babu murar da ta kama shi. Ashe wancan ciwon jikin da muke ɗora wa mura, kaso mai yawa nasa ƙarar gangar yaƙin jikinmu ne.

A 1989 Charles Janeway na jami'ar Yale ya fito ya ce dole akwai masu gadi na musamman da ke gane alamun da ƙwayoyin cuta kaɗai ke ɗauke da su, kuma in ba su yi ihu ba, garkuwar da ke haddacewa ba za ta motsa ba. Ya faɗi haka ne kafin a ga ko ɗaya. A 1996 ɗakin binciken Jules Hoffmann a Faransa ya sami irinsu a jikin ɗan ƙudan da ke bin ruɓaɓɓen 'ya'yan itace, a 1998 Bruce Beutler ya nuna aikinsu a jikin ɓera, su biyun kuma suka shiga cikin waɗanda aka ba kyautar Nobel a 2011. A 2001 aka gano ɗaya daga cikinsu, TLR3, yana gane RNA mai igiya biyu. Amma waɗannan a bakin ƙofa da zaure suke tsaye. Na cikin ɗaka ba a gan shi ba sai a 2004, lokacin da ɗakin binciken Takashi Fujita a Japan ya bayyana RIG-I.

Yadda yake aiki ya cancanci a tsaya a kai. RIG-I yana yawo a cikin ruwan tantani a naɗe, kamar wuƙa a kube. Saƙon RNA na gida duk yana fitowa da wata 'yar hula a kansa, shaidar cewa ɗan gida ne. Na bairos da yawa kuwa kansa a buɗe yake, da wasu ƙwayoyin fosfet uku a tsirara, abin da aka tabbatar a 2006. Da RIG-I ya ci karo da tufkar RNA marar hula, sai ya cafke ta ya warware. Yana da ɗan'uwa, MDA5, wanda shi dogayen igiyoyi yake bi. Daga nan su nufi wani furotin da aka gano a 2005, MAVS, wanda ke zaune a bangon mitokondiriya, wato murhun da ke ba tantani ƙarfi. MAVS ɗaya in ya tashi sai ya ta da na kusa da shi, na kusa ya ta da na gaba, kamar yadda ihun "ɓarawo!" ke bin katanga-katanga da tsakar dare, har saƙo ya isa turakar tantani inda DNA yake, a buɗe shafin intaferon. Intaferon ya fita ya bi maƙwabta, kowane maƙwabci ya kunna ɗaruruwan umarni: wani ya tsayar da ƙera furotin gaba ɗaya, wani ya kama daddatsa duk RNA da ya gani, na gida da na baƙo. Tantanin da abin ya ci ƙarfinsa yakan kashe kansa, kamar manomin da ya cinna wa rumbunsa wuta don kada gara ta kai ga na 'yan'uwa. Duk wannan cikin sa'o'i ne, tun kafin mutum ya ce yau jikina ba daɗi.

Saura masu DNA, irin su agana da farankama. A nan dabarar ta fi sauƙi. DNA na gida a turaka yake zaune, ko a cikin mitokondiriya. Duk DNA da aka gani a tsakar gida, to akwai magana. A 2008 Glen Barber ya gano STING, mai kai rahoto, sannan a ƙarshen 2012 zuwa farkon 2013 Zhijian Chen na jami'ar Texas a Dallas ya bayyana cGAS, mai gani da ido. In ya riƙe DNA sai ya ƙera wani ɗan sinadari, cGAMP, wanda ke ta da STING, har yakan zurara ta ƙananan kafofi zuwa tantanin da ke jingine da shi. A 2019 aka gano cewa bakteriya ma suna da makamancin wannan tsari don kare kansu daga nasu bairos. Ikon Allah, mai gadin nan ya girmi ɗan Adam nesa ba kusa ba.

Ko albasar Aliero ba a bar ta haka ba. Tsiro ba shi da intaferon, amma shi ma RNA mai igiya biyu yake farauta: yakan yayyanka shi gutsi-gutsi, ya riƙe gutsattsarin a matsayin samfur yana neman sauran, kamar yadda David Baulcombe ya nuna a Ingila a 1999. Kaji kuma nasu labarin akwai ban tausayi. Da murar tsuntsaye ta ɓulla a wata gona a Jaji ta jihar Kaduna a farkon 2006, kaji suka yi ta zubewa. A 2010 masu bincike a jami'ar Alberta ta Kanada suka nuna cewa agwagwa tana da RIG-I, kaza kuwa ba ta da shi, MDA5 ta dogara da shi. Ba shi ne dukan bayanin ba, amma yana cikin dalilan da agwagwa kan ɗauki cutar tana ta wankanta a fadama, kazar da suke kwana akurki ɗaya ta wayi gari a sanƙare. Mai haɗa su keji ɗaya zuwa kasuwar Jega ya kamata ya ji wannan.

In kuwa mai gadi ya kai haka, me ya sa muke kwanciya? Domin duk bairos ɗin da ya yi suna, da dabarar toshe bakin mai gadi ya yi shi. Na kyanda da na bushiya, waɗanda 'yan ɗaki ɗaya ne, suna da furotin da ke ɗaure MDA5. Na shan inna da na ciwon hanta nau'in C suna datse MAVS da almakashinsu. Dangin agana sukan saki wani furotin na bogi mai kama da kunnen tantani, ya tsotse intaferon a hanya kafin ya isa maƙwabta. Na zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na Barno, ya fi su wayo: yana da furotin da ke cinye RNA mai igiya biyu, wato yana tafe yana share sawunsa. Tsere ne tsakanin ihu da toshe baki, kuma 'yan sa'o'i kan raba gardama. A shan inna, misali, kusan ɗaya cikin 200 na waɗanda suka kamu ne ke shanyewa, kuma gwajin da aka yi da ɓeraye a Japan a 2005 ya nuna intaferon na cikin abin da ke tsare bairos ɗin kada ya bazu a sassan jiki. Tsohuwar tambayar nan ta me ya sa Inna ta zaɓi wannan yaro ta bar sauran yaran gidan ta fara samun amsa ta wata fuska.

Korona ce ta fito da maganar fili. An sami mai ita na farko a Najeriya ranar 27 ga Fabrairun 2020. A cikin shekarar ayarin Jean-Laurent Casanova ya binciki kusan mutum dubu da cutar ta kai su bakin mutuwa, ya tarar kimanin ɗaya cikin goma jikinsu na ƙera abin da ke kashe intaferon ɗinsu, kuma galibinsu maza ne. An kuma ga cewa in ihun ya makara, yakan zo da hauka ya ƙone huhun mai shi. Ihun ƙarya ma cuta ne: akwai yaran da ake haifa mai gadinsu na ɗaukar DNA ko RNA na gida a matsayin baƙo, intaferon ya yi ta zuba har ya taɓa ƙwaƙwalwa. Allurar korona ta Moderna da ta Pfizer da suka iso ƙasar nan a 2021 su ma daga wannan ilmi suka fito. RNA ne ake sa wa mutum, kuma da an sa shi yadda yake, masu gadi za su yi masa ca. Tun a 2005 Katalin Karikó da Drew Weissman suka gano cewa in aka sauya ɗaya daga cikin haruffansa, zai wuce ba tare da tayar da ƙura mai yawa ba. Sun karɓi Nobel a 2023.

A ganina, inda wannan tarihi ya fi shafarmu shi ne gaban kantin mai kemis. Uwa ta zo da yaro a goye, jiki zafi rau, hanci na zuba, ta ce, "Malam, a ba shi kafso mai ƙarfi, ko a yi mai allura." Kafson nan bakteriya yake kashewa, ba ruwansa da bairos, wanda ke can cikin tantani inda maganin ba shi da abin kamawa. Wannan ba ya nufin a zauna da zazzaɓi a gida. A ƙasar sauro dole a gwada jini, kuma sanƙarau da ya addabi Jega da Aliero da Gwandu a bazarar 2025 na bakteriya ne, wanda jinkirin kwana ɗaya kan yi kisa. Ma'aikacin lafiya ne zai bambance. Ɗaliban kwalejin kiwon lafiya ta Jega da na jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, su ne za su tsaya a waɗannan kantuna da asibitoci gobe, kuma ya kamata su iya yi wa uwar nan bayani da Hausar da za ta gamsu.

Agana ta tafi a 1980. Bushiya, wadda ta sake dawowa ta yi wa makiyaya ɓarna a 1983, an shelanta ƙarewarta a duniya a 2011. A ranar 25 ga Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da shan inna na daji. Baƙon dauro kuwa yana nan yana zuwa duk rani, ya toshe bakin mai gadi, sannan ya goge wani ɓangare na haddar da jikin yaro ya riga ya yi, ya bar shi a buɗe ga gudawa da ciwon huhu. Rigakafinsa yana hannu tun 1963, kuma kyauta ake yin sa a asibitocin gwamnati. Iyaye a Maiyama da Aliero da Jega, in yaro ya cika wata tara a kai shi, in ya kai wata goma sha biyar a sake mayar da shi.